Uku a Gurbin Biyar

Kofunan da ke jere a kan kantar bango ne suka fara kaɗawa, sannan ƙarar jirgin ta iso ta cika ɗakin. Baba ya yunƙura da ɓarin jikinsa mai rai zai sauko daga gado. Mama, matarsa, ta tare shi da ƙirji, 'yarsu Auta kuma ta kama ƙafar da ta shanye tana mayarwa kan katifa. Ni ina tsaye bakin ƙofa da jakar aiki a kafaɗa, ko takalmi ban gama cirewa ba, don dawowata ke nan Mama ta ƙwala mini kira ta katanga.

"To kin gani da idonki," in ji Mama tana haki. "Tun safe jirage ke wucewa ta kan gidan nan, ko gezau ba ya yi. Wannan na huɗu da kwata kuwa, sai ki ce shi aka zo ɗauka."

Ta miƙe ta tura kofunan ciki ɗaya bayan ɗaya, don kullum in wannan jirgin ya wuce sai sun matso bakin kanta.

Baba ya kafe ni da idonsa mai kyau. Bakinsa a karkace yake tun ranar da ya faɗi, kalmomi na fita kamar ana jan su da igiya.

"Bakwai, bakwai, huɗu. Sifili, tara, biyu." Ya haɗiye yawu. "Uku."

"Kwana tara ke nan yana wannan karatun," Auta ta ce. "Na ɗauka lambar waya ce. Na ƙara mata kai, na ƙara mata gindi, na yi ta bugawa. Jiya wani mai faci na samu, ya rantse in na sake kiransa sai ya haɗa ni da 'yan sanda."

Ban yi dariya ba. Jakata ce ta zame daga kafaɗa ta faɗi ƙasa.

Katanga ɗaya ta raba gidan da nake haya da nasu, kuma kamfanin jirage ɗaya muke wa aiki. Shi makaniki ne, shekara talatin da ɗaya a rumfar gyara. Ni shekarata biyu, da shaidar injiniya a hannu, an ajiye ni a ofishin takardu ina tantance abin da makanikai suka cire da abin da suka saka. Ba zan ɓoye ba, ban ƙaunaci aikin mutumin nan ba. A rumfa Baba Duk-Ɗaya ake ce masa, saboda kalmar ba ta barin bakinsa. A ce masa wannan sifanar ko waccan? Duk ɗaya ne. Aikin safe ko na rana? Duk ɗaya ne. Yaransa sun kwashe ta a bakinsa sun yayata, har ta zama amsar kowace tambaya a wurin. Ni kuwa babu kalmar da ke tafasa mini jini irinta. Ƙarfe ne zai ɗauki mutum ɗari da arba'in ya kai su sama da gajimare, inda babu gefen titin da za a tsaya a buɗe bonet, amma mutane masu gemu su dube ka su ce duk ɗaya ne! Wasiƙa goma sha ɗaya na rubuta wa Manaja a kan wannan sakacin, kowace da kanun magana da lambobi. Ko ɗaya ba a ba ni amsa ba. Abin da na samu kawai suna ne: Malama Takarda. Baba ne ya raɗa mini, yana dariya, yana miƙo mini rabin lemonsa.

Lambar da yake karantawa ba ta waya ba ce. Lambar famfon mai ce, wanda ke zaune cikin tankin fiffike yana tura wa inji mai. Iri biyu ne, kuma in ka ajiye su kan tebur ba za ka bambanta su ba: jiki ɗaya, ramin noti ɗaya. Ƙarshen lambarsu kawai ya raba su, ɗaya uku, ɗaya biyar. A littafin masu ƙera jirgin akwai kibiya tsakaninsu, kuma kai ɗaya gare ta. Mai biyar yana shiga gurbin mai uku. Mai uku ba ya shiga gurbin mai biyar.

Na durƙusa gaban gadon.

"Baba, a wane jirgi?"

Ya ɗaga yatsa ya nuna rufi, inda ƙarar ta bi ta wuce.

"Goggo," ya ce.

Haka makanikai ke kiran tsohuwar jirginmu, wadda injinta ya fi na kowa ƙara, ita kaɗai ke iya kaɗa kofunan Mama. Shekara uku da suka wuce aka sauya mata wayoyin tanki, tun daga nan wuta mai ƙarfi ke zuwa wa famfonta. Mai biyar don haka aka yi shi. Mai uku zai yi aiki, ba zai yi gardama ba, sai dai ya riƙa ɗaukar zafi a hankali, a cikin tankin da ke cike da tururin mai.

"Ka tabbata? Wata huɗu fa ke nan da ka bar aiki."

Ya buɗe tafin hannunsa mai rai, ya ɗaga shi sama da ƙasa kamar mai auna tumatir.

"Bai yi... nauyi ba," ya ce. "Mai biyar ya fi nauyi. Hannuna ya faɗa mini. Na ƙi ji."

"Me ya sa?" Muryata ta fi yadda na so ƙarfi. "Me ya sa, Baba? Hannunka ya faɗa maka, ka ɗauki hatimi ka buga?"

"Ke, sassauta," Mama ta ce. "Mara lafiya ne."

"Bar ta." Ya lumshe ido. "Fasinja na jira. Manaja a kaina. Mai sito ya ce... kwamfuta ta ce..."

Bai ƙarasa ba. Ba sai ya ƙarasa ba, na san abin da kwamfuta ta ce.

Na miƙe ina cewa gobe da sassafe zan rubuta wa Manaja, zan haɗa da kwafin littafin, zan aika wa ofishin bincike. Sai ya damƙo bakin mayafina. Ƙarfin da ke hannun nan ya ba ni mamaki.

"Takarda," ya ce, rabin bakinsa na neman yin murmushi. "Biro. Littafi."

Na ce to, don ya sake ni. A raina na ce ruɗun ciwo ne ya dawo.

Goggo a wani gari take kwana, sai sha biyun rana take dawowa. Na buga wa Manaja sau shida kafin magariba, bai ɗauka ba. Washegari ni na riga mai shara isa ofis. Na sauko da fayil ɗin Goggo na watan da Baba ya faɗi, na yi ta buɗawa har na kai ga takardar aikin. Katin da ya zo tare da famfon yana maƙale a jikinta. Bakwai, bakwai, huɗu, sifili, tara, biyu, uku. A ƙarƙashinsa hatimin Baba, zagaye, tawada shuɗiya. A ƙarƙashin hatimin kuma, a layin da aka rubuta wanda ya tantance, sa hannu ne mai dogon wutsiya da na yi wata guda ina koya kafin in fara aiki.

Na zauna. Na tuna ranar. Na buga lambar a kwamfuta, ta nuna mini kore, na sa hannu, na koma kan wasiƙata ta tara.

Na sauka sito da katin a hannu. Mai sito na shan shayi, ƙafarsa kan kwali.

"Malama Takarda! Yau kuma me muka yi?"

"Buga mini wannan lambar."

Ya buga da yatsa ɗaya, ya juyo mini fuskar kwamfutar. Lambobin biyu suna jere, da alamar daidai a tsakaninsu.

"Kin gani? Duk ɗa..."

"In ka ƙarasa kalmar nan sai na kifa maka shayin nan a ka. Wa ya shigar da wannan?"

"Ni na sani? Lokacin da aka kwashe lambobi daga katuna zuwa kwamfuta ne. Wurin nan ba ya karɓar kibiya, sai daidai ko ba daidai ba. Aka ga suna shiga ramin juna, aka sa daidai."

Kibiya guda ta faɗi a hanya tsakanin kati da kwamfuta, shekara da shekaru babu wanda ya sunkuya ya ɗauka. Har da ni.

Manaja bai shigo ba sai ƙarfe ɗaya, Goggo na tsaye a fili ana yi mata shara. Mutum ne mai ƙiba da taushin murya, kuma a hannun Baba ya koyi aiki. Ya karanta katin, ya karanta shafin littafin da na ajiye masa, ya cire tabarau ya murza ido.

"Wata huɗu tana tashi da shi lafiya lau."

"Yallaɓai, wata huɗu yana ɗaukar zafi."

"Ba mu da mai biyar a sito. Kwana biyu kafin ya iso. Mutum ɗari da talatin da shida sun riga sun yanki tikiti, wasu suna zaune a zauren jira yanzu haka. Ƙarshen wata za ta shiga babban dubawa, sai a sauya a lokacin, shiru, babu wanda ya ji."

"Kwana goma sha bakwai ke nan. Sau talatin da huɗu za ta tashi."

"Na iya lissafi, 'yata." Ya tura mini takardar da yatsa. "Dubi nan. Hatimin wa ne? Shekara talatin da ɗaya ba a taɓa kiran mutumin nan gaban kwamiti ba. Yana kwance, yau ko gobe, ke kuma ki ɗauko sunansa ki shanya a rana? Kuma dubi ƙasa. Wannan wutsiyar ta wa ce? Ki rubuto mini wasiƙa, zan duba."

"Shi ya aiko ni."

Ya dube ni, sannan ya mayar da tabaransa.

"Mutumin da ba ya gane safe da yamma? Ki rubuto wasiƙa."

Na fito. Na kai rabin matakala ina tsara kanun wasiƙa ta goma sha biyu a kaina, sai na ci birki. Biro. Littafi. Ashe ba ruɗu ba ne. Kowane jirgi yana da littafinsa da ke zama a ɗakin matuƙi. Duk laifin da aka rubuta a ciki da biro ba a goge shi, ba a yaga shafin, kuma babu matuƙin da zai tashi sai wani mai hatimi ya buga a gefen layin ya ce ya ɗauki nauyi. Wasiƙa tana iya kwana shekara a aljihun tebur. Layi ɗaya a littafin nan ba ya kwana. Shekara biyu ina da ikon rubutawa a ciki, ban taɓa yi ba, don na fi son rubutu mai kanun magana.

Na ratsa fili cikin rana na hau matakalar Goggo. Dogo, makanikin da ke bakin aiki, yana zaune a kujerar matuƙi yana duba fitilu.

"Ba ni littafi."

"Malama, lafiya?"

"Ba ni, Dogo."

Na ɗora shi a gwiwa na rubuta: famfon fiffiken dama mai uku ne a gurbin mai biyar, ba a yarda da shi a wannan jirgin ba. Na sa lambar takardar aikin, da lambar hatimin wanda ya saka, da sunan wadda ta tantance. Layi biyu da rabi. Dogo ya leƙa ya karanta, ya dafe kai.

"Kin kashe mu. Wallahi ni dai ba zan buga a gefen wannan ba."

Ya ɗauki waya. Ba a yi minti biyar ba Manaja ya hawo yana numfashi sama-sama. Ya karɓi littafin ya daɗe a kan layukan. Sai ya sa hannu a aljihun gaban rigarsa ya fito da nasa hatimin, ya riƙe shi tsakanin yatsu.

"Kin manta ni ma ina da shi," ya ce, muryarsa ba ta tashi ba. "Ajiye katin shigarki a ƙofa. Tafi gida."

Uku da rabi ta wuce na iso unguwa. Takalma sun yi yawa a ƙofar gidan Baba. Auta ta tare ni a tsakar gida, idonta jawur, ta ce likita ya zo da safe ya ce a kira 'yan uwa. Suna zaune a ɗayan ɗakin, Mama ta hana kowa shiga wurinsa sai ni.

Ya rame a cikin kwana ɗaya. Numfashinsa na fita da ƙara kamar ana jan kujera a siminti. Amma idon nan mai kyau a buɗe yake, yana kan agogon bango.

"Baba, na rubuta."

"Biro?"

"Da biro. Na sa lambar hatiminka." Na zauna bakin gadon. "Da sunana. Ni na tantance takardar, Baba. Sa hannuna na ƙarƙashin naka."

"Na sani," ya ce.

Tun jiya ya sani, ina tsaye a kansa ina ɗaga masa murya, bai faɗa ba.

"Manaja... ya buga?"

"Ban sani ba. Na bar shi da hatimi a hannu. Ya kore ni."

Ya yi wani sauti, sai daga baya na gane dariya ce.

"Yaron nan. Ni na koya masa... riƙe sifana. Hagu yake ɗaurewa."

"Wai me kuke ƙullawa ne ku biyu?" Mama ta ce tana gyara masa matashi. "Shekara talatin ina kishi da jirage, yau ma ba za a bar mini mijina ba?"

Na kasa zama. Na tashi na je taga, na dawo, na duba wayata, babu komai. Na buga wa Dogo, ta yi ta ƙara bai ɗauka ba. Na ce a raina da na tsaya a bakin ƙofar fili, da na nemi matuƙin na gaya masa da bakina, da na kwanta a gaban tayar. Huɗu saura biyar. Huɗu. Auta ta shigo ta jingina da ƙofa.

Huɗu da minti goma wata ƙara ta taso daga gabas. Na kama ƙarfen gado. Baba bai ko motsa ba.

"Ba ita ba," ya ce. "Ƙaramin ne."

Ƙarar ta wuce siririya. Kofuna ba su ce komai ba.

Dogon hannun agogo ya hau kan uku. Mama ta matso ta dafa ƙirjinsa da hannu biyu kamar yadda ta saba, tana shirin tare shi. Muka zuba wa kofunan ido, mu huɗu.

Huɗu da ashirin. Na ce wa kaina jirgi yakan makara, Goggo ma ta fi kowa. Huɗu da rabi. A waje wani yana buga keken ɗinki, ban taɓa sanin akwai tela a layinmu ba. Wata mata tana kiran ɗanta ya zo ya ɗebo ruwa, tana haɗa masa da zagi. Biyar saura kwata Mama ta ɗauke hannunta daga ƙirjinsa a hankali, ta dubi Auta, ta dube ni.

Wayata ta yi motsi a tafina. Dogo ne. An ja Goggo rumfa, ya rubuta. Oga ya mayar da hatiminsa aljihu. Ya ce a gaida Baba.

Na karanta masa. Ban san ko ya ji ba, don ya riga ya sauke idonsa daga agogo. Kafaɗarsa da ta kwana goma a ɗage ta kwanta kan matashi. Yatsunsa suka saki zanen gado.

"Leɓenka ya bushe," Mama ta ce, tana shafa masa goshi. "Ruwa za ka sha ko in haɗa maka shayi?"

Rabin bakin nan ya motsa.

"Duk ɗaya ne."

Mama ta yi dariya har da hawaye. "Ji shi! Ya dawo hayyacinsa." Ta tashi ta ɗauko kofi daga kan kantar, ta tsiyaya ruwa, ta tsaya tana neman ƙaramin cokalin da take ba shi da shi. Ni ina riƙe da hannunsa, hannun da ya san nauyin famfo. Ƙarar kujerar nan da ake ja a siminti ta tsaya. Na jira ta dawo. Ba ta dawo ba.

Auta ce ta fara salati, ta sulale ƙasa a bakin ƙofa. Mutanen ɗayan ɗakin suka taso. Mama ta juyo da kofi a hannu ɗaya, cokali a ɗayan, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta zo ta rufe masa idon da tafinta, ta gyara masa wuyan riga.

Ta koma wurin kantar ta ajiye kofin da ruwansa a ciki. Hannunta ya wuce da kansa kan sauran kofunan zai tura su ciki, ɗaya bayan ɗaya. Ya same su a inda ta bar su jiya.